Maganin Dashen Ƙoda Da Zancen Ƙwaƙwalwa

 

Makon jiya na yi muku alkawari yau za mu ci gaba da zancen tsabtar rijiyoyi. Ku gafarce ni, zan ɗaga shi zuwa wani mako, domin wata wasiƙa ta iso mana wadda bai kamata ta kwana ba a amsa ba. Akwai ran mutum biyu a cikinta.

Mai wasiƙar manomi ne, ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba. Ya ce ƙanensa ya yi ciwon ƙoda har aka dasa masa wata, yau shekara uku ke nan, kullum kuwa yana shan wani magani safe da maraice, sunansa saikulosforin. To, a watan jiya mahaifinsu ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta sarƙe. Sai ɗan mai wasiƙar, wanda ke makaranta a birni, ya aiko da labari, wai ya karanta cewa maganin nan yana kare ƙwaƙwalwa, har an gwada an gani. Shi ne ya ke tambaya, ko ya riƙa tsakurar kaɗan daga na ƙanen yana ba tsoho?

Malam, ga amsarka tun da wuri, kada ka jira ƙarshen magana. Kada ka ba shi, ko ƙwaya ɗaya. Amma kuma kada ka yi wa yaron faɗa, don bai yi ƙarya ba. Abin da ya karanta yana da tushe, sai dai rabin labari ya samu. Zan ba ku labarin duka, domin na lura, a shekarun da na yi ina aiki a ɗakin shan magani, mutumin da aka ce masa "bari" kawai ba a gaya masa dalili ba, da ya koma gida sai ya yi abin da ya ga dama.

Mu fara da maganin kansa. A shekarar 1969 wani ma'aikacin kamfanin magunguna mai suna Sandoz, na birnin Basil a ƙasar Suwizalan, ya tafi hutu ƙasar Nowe. Kamfanin nan ya kan roƙi ma'aikatansa, duk inda tafiya ta kai mutum ya ɗebo musu 'yar ƙasar wurin, ko a dace a sami wani abu mai amfani a ciki. Shi kuwa ya ɗebo tasa daga wani tudu mai tsananin sanyi. Da aka bincika sai aka sami wata irin funfuna a ciki, dangin wadda ta kan fito a jikin tuwon da aka manta a akushi. Kada ku raina funfuna, allurar finisilin da ku ke zuwa nema daga funfuna aka fara samo ta. Su ma irin wannan sa'a su ke fata. Amma da aka gwada abin da funfunar nan ta ke fitarwa, sai aka ga ƙarfinsa wajen kashe cuta bai taka kara ya karya ba. Sai a 1972 aka lura da wani hali nasa dabam, watau yana kwantar da dakarun jiki. Wani masani mai suna Borel da abokan aikinsa suka buga labarin a 1976.

Dakarun jiki su ne fararen ƙwayoyin da ke cikin jini. Aikinsu tsaron gari. Duk baƙon da ya shigo, ko ƙwayar tarin fuka ce ko ta ƙyanda, su kan taru su far masa. Sai dai ba su san baƙon arziki ba. In aka ɗauko ƙodar wani aka dasa wa mai ciwo, a wurinsu abokin gaba ne ya shigo, sai su yi ta cinta har ta mutu. Cikin dakarun nan akwai waɗansu da likitoci ke kira T, su ne masu buga gangar yaƙi. Saikulosforin ya kan shiga cikinsu ya kama wani ɗan abu mai suna saikulofilin, su biyun kuma su je su danne wani mai suna kalsinurin, wanda shi ne ke ba da iznin a buga gangar. In ba a buga ganga ba, runduna ba ta fita, ƙoda ta zauna lafiya. Ku riƙe sunan nan, saikulofilin, za mu gamu da wani ɗan'uwansa nan gaba.

A 1978 wani likitan fiɗa mai suna Roy Calne, a garin Kambirij na Ingila, ya fara ba masu dashen ƙoda maganin. Kafin zuwansa, in an dasa ƙodar wanda ya rasu, kusan rabi ba su kan cika shekara suna aiki ba. Bayan da aka gane yadda a ke auna shi, sai ya zama bakwai ko takwas cikin goma suna cikawa. Hukumar Amurka ta yarda da shi a 1983. A Nijeriya an fara dashen ƙoda a Legas a 2000, a Kano kuma a 2002, shi ya sa yau har a ƙauye a ke samun mai shan maganin nan.

To, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa maganin ƙoda da ƙwaƙwalwa? Nan sai kun yi haƙuri mun leƙa cikin jiki tukuna.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kamar yadda a ke gina soro da tubali. A ke ce musu ƙwayoyin halitta. Na ƙwaƙwalwa da laka su ne masu kai saƙo. Mu a Hausa kome jijiya mu ke ce masa, amma likitoci sun raba: akwai jijiyar jini, wadda ta ke kamar bututu, akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ta ke kamar wayar tangaraho. In ka so ɗaga hannu, ƙwayoyin saƙo ne ke aikawa daga ka zuwa hannun. Ƙwaƙwalwar mutum ɗaya tana da su wajen biliyan 86.

A cikin kusan kowace ƙwaya kuma akwai waɗansu 'yan injuna, ɗaruruwa ko dubbai, sunansu mitokondiriya. Ƙanƙantarsu ta kai in ka jera dubu ɗaya ba su kai faɗin ƙwayar gero ba. Tuwon da ka ci, ciki ya kan mai da shi sukari. Iskar da ka shaƙa, huhu ya kan tsamo oksijin daga cikinta. Jini ya kwashi su biyun ya kai wa 'yan injunan nan, su kuwa su juya su su zama ƙarfi. Ga wani abin mamaki da na ke son gaya wa iyaye maza: mitokondiriyar da ke jikin ɗanka duk daga wajen uwarsa ya gaje su, kai ba ka da ko ɗaya a ciki.

Yadda su ke aikin nan shi ne gindin maganarmu, don haka ku kasa kunne. Kowane ɗan inji yana da bango biyu, na waje da na ciki. Ku ɗauki mai lambu a fadama. Yana jan ruwa da jigo daga ƙasa, yana zubawa a wani tafki da ya ɗaga, ya yi masa kunya mai ƙarfi don kada ya tsiyaye. Ruwan ba shi da hanyar gangarowa sai ta kwararo ɗaya, a bakin kwararon kuwa an sa wata 'yar ƙafa mai juyawa. Ruwa na wucewa, ƙafa na juyawa, tana aiki. Haka ɗan injin nan ya ke. Ƙarfin sukari da iska shi ne mai jan jigo, bangon ciki shi ne kunyar tafki, abin da a ke tarawa kuwa waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne masu ɗauke da lantarki. Ƙafar ma gaskiya ce, akwai ta, tana kuma juyawa. Abin da ta ke ƙerawa likitoci suna kiransa ATP, mu ce shi ne kuɗin jiki, da shi kowace ƙwaya ta ke biyan kowane aiki. Babban mutum ya kan ƙera ya kuma kashe kimanin nauyin jikinsa na ATP a yini ɗaya. Wani Bature ɗan Ingila, Peter Mitchell, shi ya bayyana wannan tsari a 1961. Da fari masana da yawa ba su yarda da shi ba, amma a 1978 aka ba shi kyautar Nobel. Abin da za ku riƙe shi ne, duk aikin nan ya rataya ne a kan kunyar tafki. In ta ɓalle, ko a kwana ana jan jigo, ƙafa ba za ta juya ba.

Babu inda ya kai ƙwaƙwalwa cin kuɗin nan. Nauyinta kashi biyu ne cikin ɗari na jiki, amma ita ke shanye kashi ashirin cikin ɗari na oksijin da mutum ya ke shaƙa, da sukari wajen giram 120 kowace rana. Ga shi kuma ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo yanzu shi ta ke ci yanzu. In jini ya tsaya, kafin daƙiƙa goma mutum ya suma, bayan minti huɗu ko biyar kuwa ɓarna ta fara.

Ga yadda ɓarnar ta ke zuwa. Ƙwayar saƙo kamar kwalekwale mai yoyo ta ke, kullum gishirin da ke ruwan jiki yana kutsa kai cikinta, kullum tana kwarfe shi waje, a kan wannan kwarfa kuma ta ke kashe yawancin kuɗinta. In jijiyar jini ta toshe, ko sukarin jini ya faɗi ƙwarai, kuɗi ya ƙare, kwarfa ta tsaya. Sai ƙwayoyin su rikice, su yi ta zuba wa juna ruwan da su ke aika saƙo da shi ba ƙaƙƙautawa, ƙofofinsu su buɗe. Nan ne wani sinadari mai suna kalsiyam ya ke kwararowa ciki. Shi ne wanda ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, a can abin kirki ne. Amma a cikin ƙwayar saƙo ɗan kaɗan a ke so, abin da ke waje ya ninka na ciki wajen sau dubu goma. Mitokondiriya su kan yi ƙoƙarin ceton gida, su yi ta haɗiye kalsiyam ɗin. In ya yi musu yawa, sai wata babbar kafa ta buɗe a bangonsu na ciki. Kunyar tafki ta ɓalle ke nan. Ƙafa ta tsaya, har ma ta juya da baya tana cinye ɗan kuɗin da ya rage. Ruwa ya shiga ɗan injin, ya kumbura kamar salka, bangon waje ya fashe, waɗansu abubuwa da ke ɓoye a ciki su fito su ba ƙwayar umarnin mutuwa.

Wani abin takaici kuma, an gano kafar nan ta kan yawaita buɗewa ne a daidai lokacin da jini ya komo, sa'ad da iska ta auko wa injunan da suka riga suka jigata. Kada wani ya ji wannan ya ce ashe gara jinin kada ya komo. In bai komo ba duka za su mutu. Abin nufi, ko an buɗe jijiya, akwai waɗansu ƙwayoyi da a ke rasawa a bakin ƙofar ceto, su ne likitoci su ke ta neman dabarar tsirar da su.

Masana biyu a Amurka, Hunter da Haworth, su suka bayyana halin kafar nan a 1979. Sa'an nan a 1988 wani masani a Landan, Martin Crompton, da abokan aikinsa suka ɗebi mitokondiriya daga zuciyar ɓera, suka cika su da kalsiyam, suka zuba musu ɗan saikulosforin. Kafa ta ƙi buɗewa. Daga baya aka gane dalili. Ashe a cikin ɗan injin akwai ɗan'uwan saikulofilin ɗin nan da na ce ku riƙe, ana kiransa saikulofilin D, shi ne kuwa mai zare sakatar kafar. Maganin ba ya rarrabe su, yadda ya ke kama wancan a cikin dakarun jini haka ya ke kama wannan ya riƙe masa hannu. Watau magani ɗaya, aiki biyu waɗanda ba su da dangantaka da juna.

Yanzu mun iso ga abin da yaron ya karanta. A jami'ar garin Lund, a ƙasar Suwidin, aka yi gwaji a kan ɓeraye aka buga shi a 1995. Aka tsai da jinin ƙwaƙwalwarsu na 'yan mintoci, aka sake shi. Akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa mai riƙe abin da mutum ya koya, shi ne ya fi saurin lalacewa. A ɓerayen da aka ba maganin, yawancin ƙwayoyin sashen nan suka tsira. Amma ku ji sharaɗin: sai a waɗanda aka soka wa allura a cikin ƙwaƙwalwa. Dalili kuwa, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shinge wanda ba kowane magani ke ƙetarewa ba, har da waɗansu masu gadi a jikin shingen waɗanda in saikulosforin ya kutsa su kan tura shi ya koma cikin jini. Allurar ce ta huda shingen har magani ya sami hanya.

A 1998 waɗansu masana a Lund ɗin dai, Friberg da Wieloch da abokansu, suka yi wani gwaji wanda ni a ganina ya fi kowanne kyau, saboda yadda suka tsara shi. Suka yi wa ɓeraye allurar insulin, maganin ciwon sukari, mai yawa, har sukarinsu ya faɗi suka yi doguwar suma, ƙwaƙwalwa ta yi tsit har minti 30. Da aka duba da babban madubi sai aka ga mitokondiriyar ƙwayoyin saƙo sun kumbura ƙwarai. A ɓerayen da aka ba saikulosforin kuwa, injunan suka kasance a tsuke kamar na mai lafiya, ɓarnar ƙwaƙwalwa ta ragu da yawa. To, amma ta yaya za a san ko riƙe kafar ne ya cece su, ko kuwa danne kalsinurin ne, tun da shi ma akwai shi da yawa a ƙwaƙwalwa? Sai suka ɗauko wani maganin dashe, takurolimus, wanda aka samo daga ƙasar Jafan a 1984. Shi ma yana danne kalsinurin, yana kwantar da dakaru, amma ba ya taɓa saikulofilin D. Suka ba waɗansu ɓerayen shi. Bai cece su ba. Kun ga an raba gardama ke nan, a irin wannan ɓarna ta rashin sukari, riƙe kafa ne ya yi aikin. Takurolimus ma yana da nasa, a 1994 an nuna a Sikotilan yana rage ɓarna a ɓerayen da aka toshe wa jijiyar ƙwaƙwalwa, amma ta wata hanya dabam. A 2005 kuma aka samar da ɓerayen da aka haifa ba su da saikulofilin D sam, aka toshe musu jijiya, ɓarnar da suka samu a ƙwaƙwalwa da zuciya ba ta kai ta sauran ba.

Har nan duk gaskiya ne, duk kuwa a kan ɓera ne. Ku lura da abu biyu cikin gwajin 1998. Maganin an ba da shi ne minti 30 kafin ƙwaƙwalwa ta yi tsit. Wa ya san ranar da zai faɗi, balle ya sha magani tun da sauran rabin awa? Na biyu, ta jijiya aka ba su miligiram 50 ga kowane kilo na nauyin jiki, don ya yi yawan da zai rinjayi masu gadin shinge. Abin da aka yarda a ba mutum a gwaje-gwajen zuciya da shanyewar jiki da zan ambata bai wuce biyu da rabi ba, watau kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ɓera ya samu.

Duk da haka an gwada a kan mutane, an kuwa gwada da gaske, galibi a Faransa. A 2008 likitocin garin Liyon suka ba da labarin mutum 58 waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe. Aka raba su biyu, aka yi wa kashi ɗaya allurar maganin dab da za a buɗe jijiyar, aka ga alamar ɓarnarsu ta ragu. Murna ta tashi. Sai aka sake gwajin da mutum 970, aka bi su shekara guda, aka buga sakamako a 2015. Babu bambanci, waɗanda suka sami maganin da waɗanda ba su samu ba duk ɗaya. A shekarar nan dai aka buga na masu shanyewar ɓarin jiki, mutum 127, aka auna girman wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa bayan wata guda, ba a sami ragin da za a dogara da shi ba. A 2016 aka buga na mutum 794 waɗanda zuciyarsu ta tsaya a ke ƙoƙarin farfaɗo da su, nan ma maganin bai ƙara yawan masu tsira ba. An kuma gwada shi a kan 'yan tsirarun mutanen da suka bugu a ka, bai dai zama maganin da a ke ba masu irin wannan rauni ba. Masana ba su watsar da zancen kafar ba, sun sassaƙa waɗansu 'yan'uwan maganin masu riƙe saikulofilin D ba tare da kwantar da dakaru ba. Amma babu ko ɗaya cikinsu da ya zama maganin shanyewar jiki.

Ni ban ga abin kunya a nan ba. Ɓeran gwaji yaro ne lafiyayye, an san minti da aka toshe masa jijiya. Mai shanyewar jiki kuwa yawanci dattijo ne, ga hawan jini, ga watakila sukari, ya kan kuma iso asibiti bayan sa'o'i.

Malam mai wasiƙa, mu komo kan mahaifinku. Zancen kafar nan zancen mintoci ne da sa'o'i. Shi kuwa wata guda ke nan da faɗuwarsa. Ƙwayoyin da za su mutu sun riga sun mutu, ba kuma maganin da ke ta da su. Amfani dai babu. Ga kuma illa. Saikulosforin yana ta da hawan jini, hawan jini kuwa shi ne babban abin da ke jawo shanyewar jiki tun farko. Yana ƙuntata jijiyoyin ƙoda, har ya kan lalata ta in ya yi yawa, shi ya sa a ke ɗibar jinin ƙanenka a kai a kai ana auna shi. Yana kawo karkarwar hannu da ciwon kai, ya kumbura dasashi, wani lokaci ma ya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ku ji fa, maganin da a ke cewa yana kare ƙwaƙwalwa. Sa'an nan tsohon da ke kwance, wanda ciwon huhu da gyambon kwanciya ke jira, shi ne za a kwantar wa dakaru? Ga ƙanenka kuma. Likita ya ƙidaya masa ƙwayoyinsa daidai. Duk wadda ka tsakura, ka buɗe wa dakaru hanya ne zuwa ga ƙodar nan da aka sha wahala da kuɗi kafin a samu. Garin neman gira sai a rasa ido.

Tun da mun taɓo shi, ga saƙo ga ƙanen da duk mai shan maganin nan. Kada ka tsallake lokaci. Kada ka sha garehul ko ruwansa, yana sa maganin ya taru a jini. In an ce kana da tarin fuka, lalle ka gaya wa malamin asibiti kana da dashe, domin rifamfisin, wanda ke cikin maganin tarin, yana kore saikulosforin daga jini, ƙoda ta zauna ba tsaro. Ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da a ke talla a kasuwa, ka nisance su sai da iznin likitanka, su da maganinka in sun haɗu ƙoda ce ke shan wuya. Haka allurar rigakafin shawara, sai ka tambaya tukuna.

Abin da zai amfani tsoho yana hannunku. Ƙwayoyin da suka tsira su kan koyi aikin waɗanda suka mutu in ana motsa su, yawancin sauƙin kuwa cikin wata uku zuwa shida na farko a ke samunsa, don haka kuna cikin lokaci. Ku riƙa miƙe masa hannu da ƙafa kuna lanƙwasawa a hankali, sau da yawa a yini. Ku juya shi kowace awa biyu. In za a ba shi abinci a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan kaɗan, in yana ƙwarewa a gaya wa malamin asibiti. Ku yi ta yi masa hira ko da amsarsa ba ta fita. A rage masa gishiri, a kai shi a auna jininsa, maganin hawan jini kuwa kada a bari don an ga ya ji sauƙi.

Sauran jama'a, ku da abin bai same ku ba, ga naku. In kun ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ku dubi lokaci ku riƙe shi, ku nemi mota nan da nan. Na san a kan ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya turare da shafe-shafe har gari ya waye. Wani likita a Amurka ya yi lissafi a 2006, in babbar jijiya ta toshe, kusan ƙwayoyin saƙo miliyan biyu ke mutuwa kowane minti. Allurar narkar da gudan jini, a manyan asibitocin da ke da ita, cikin awa huɗu da rabi a ke yinta. Kada ku ɗura masa ruwa ko kunu, yana iya wucewa huhu. Kada kuma ku ba shi asfirin daga kanti, domin wata shanyewar toshewa ce, wata kuwa fashewar jijiya ce, sai an ɗauki hoton kai a ke rarrabewa.

Na sukari ya fi sauƙi, gama maganinsa yana cikin gwangwanin mai shayi. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, in ya yi jinkirin cin abinci ya fara gumi da karkarwa, yana magana kamar mai maye, ku jiƙa sukari cokali uku na shayi ku ba shi ya sha, in ya farfaɗo ya ci abinci. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ya daina ci, shi ma sukarinsa ya kan faɗi, kwinin kuma ya kan daɗa faɗar da shi. In mutum ya riga ya suma, ba a ɗura masa kome. A kwantar da shi a gefensa, a ɗan jiƙa sukari kaɗan a shafa masa ƙarƙashin harshe, a kama hanyar asibiti, in tafiyar da nisa a sake shafawa a hanya.

Mai wasiƙa, ka gai da tsoho, Allah ya ba shi sauƙi. Ka sake rubuto mana bayan wata biyu mu ji yadda hannun ya ke. Zancen rijiyoyi sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.